Waƙar "Richard Cory": ina dalilin da ya sa attajirin ya harbe kansa?

Ɗalibar Adabi:

Assalamu alaikum malamai. An ba mu aikin nazarin waƙar "Richard Cory" ta Edwin Arlington Robinson, a fito da jigo da salo. Labarin dai na gane shi: attajiri ne kyakkyawa mai ladabi, talakawan gari na kallonsa suna cewa ina ma su ne, sai a ƙarshe ya koma gida ya harbe kansa. Dalilin ne ya ɗaure mini kai, na duba na sake dubawa ban ga inda aka faɗa ba. In rubuta kaɗaici ne, ko bashi? Kuma in na ce jigon shi ne kuɗi ba ya sayen kwanciyar hankali, ya wadatar?

Malamin Aji:

Wa alaikumus salam. Malama, kada ki rubuta kaɗaici, kada ki rubuta bashi. Ba ki ga dalilin ba ne saboda babu shi a waƙar, kuma da gangan mawaƙin ya hana mu shi. Nan ɗalibai suka fi faɗawa rami: su ƙirƙiro dalili daga kansu, sannan su rasa ɗangon da za su kafa hujja da shi.

Fara da tambayar wa ke magana. Ba Cory ba ne, ba kuma mawaƙin kai tsaye ba. Masu maganar sun kira kansu "mu", mutanen bakin titi. To duk abin da kika sani game da Cory ta idonsu ya biyo. Ɗauki biro ki jera abin da suka faɗa a kansa: siffarsa daga tafin ƙafa zuwa tsakar ka, sirantakarsa, tufafinsa marasa hayaniya, ƙyallinsa in yana tafiya, dukiyarsa da ta fi ta sarki, tarbiyyarsa. Duk abin da ido ke gani daga nesa ne. Ba su ambaci iyalinsa ba, ba aboki, ba sana'a. A ɗango goma sha shida, magana ɗaya tak ta fito daga bakinsa, gaisuwar safe, kuma ba a ce wani ya amsa masa ba, sai dai zukata suka buga. Sun ma yaba masa da cewa in yana magana kamar mutum yake yi. Wanda ake yaba wa don ya yi magana kamar mutum, ai tun farko ba a lissafa shi cikin mutane ba.

Saboda haka jigon da kika kawo bai yi kuskure ba, amma gajere ne. Waƙar ta fi damuwa da masu kallo: sun ɗauka sun san mutumin alhali rigarsa kawai suka sani.

Mai Nazarin Kari:

Ga ɓangaren zubi da tsari. Baiti huɗu ne, kowanne ɗango huɗu, wato ƙwar huɗu a lissafinmu. Kowane ɗango gaɓa goma, ƙafa biyar. Amma ki kula, karin Turanci ba nauyin gaɓa yake aunawa ba kamar namu da na Larabci, ƙarfin furuci yake bi: gaɓa mai rauni, sai mai ƙarfi, haka har sau biyar. Kada kuma ki nemi babban amsa-amo mai ratsa waƙa tun daga farko har ƙarshe. A nan ɗango na ɗaya yana amsa na uku, na biyu yana amsa na huɗu, kuma kowane baiti da sabon sautinsa.

Abin da zai ba ki maki shi ne ki nuna aikin da tsarin yake yi. Ɗangwaye shida ne suka fara da kalmar nan ta Turanci mai ma'anar "kuma": na 5, 6, 9, 10, 14 da 15. Kunne ya saba da cewa duk "kuma" ƙarin bayani ne kan abin da aka riga aka sani, sai ta shidan ta jawo mutuwa, da murya ɗaya, kari bai sauya ba. Sunan Cory ma sau biyu kawai ya fito, a ɗango na 1 yana shiga gari, a na 15 zai koma gida.

Sai kalmomin sarauta. Kalmar da ya zaɓa don tsakar ka, ita ce kuma kalmar kambin sarki a Turanci. Ya siffanta sirantakar da kalmar daula, ya kuma auna dukiyar da ta sarki. Ukun nan sun isa sakin layi guda.

Ɗan Tarihi:

An buga waƙar a 1897 cikin littafinsa The Children of the Night, shekara huɗu bayan karyewar tattalin arzikin Amurka ta 1893, lokacin da bankuna suka rushe, ma'aikata da yawa suka rasa aiki. Wannan ne ke bayan ɗangon da suke cewa sun haƙura da nama suna tsine wa burodi. An haifi Robinson a 1869, ya tashi a garin Gardiner na jihar Maine, kuma arzikin gidansu ma ya lalace a wannan tsakanin. Wasu manazarta suna danganta Cory da yayansa Herman, wanda kasuwanci ya karye masa. Ki ambace shi a matsayin ra'ayin manazarta, kada ki gina nazarinki a kai, domin Herman ya rayu har 1909, kuma Cory na waƙar ba a ce ya talauce ba.

Akwai tarko a fassara. Daren da abin ya faru, galibi sai a ce "daren bazara". Mai karatunmu zai tuna zafin da ke hana barci kafin saukar damina. A Maine kuwa lokaci ne na sakewa bayan watannin ƙanƙara, mafi daɗin shekara, kuma mawaƙin ya ƙara da cewa daren shiru ne lafiya lau. In ba ki yi wannan bayani ba, karon da ke tsakanin daren da harsashin zai ɓace.

Malama Mai Duba Takardu:

Na yarda da Malamin Aji, sai dai ina da ƙari kan baiti na huɗu, don shi aka fi zalunta. Ƙanwata, kada ki rufe da cewa ashe talakan ya fi mai kuɗin jin daɗi. Waƙar ba ta faɗi haka ba. Mutanen nan suna aiki, suna jiran haske, babu nama, burodin ma tsine masa suke yi. Mutuwar Cory ba ta sa musu nama a kwano ba, kuma ba a nuna sun yi nadama ko sun ɗauki darasi ba, domin waƙar ta tsaya cak a kan harbin. Yunwarsu gaskiya ce, abin da ke cin Cory ma gaskiya ne, kowa na ɗauke da nasa a titi ɗaya.

In za ki tsara takardar: sakin farko masu magana da abin da suka gani, na biyu kalmomin sarauta, na uku maimaicin "kuma" da karin da bai girgiza ba, na huɗu baitin ƙarshe. Tarihin 1893 jimla biyu ya ishe shi. Kowace magana ki sa lambar ɗango a gefenta.