Tambaya kan BBC Radio 4 da shirye-shiryenta

Ɗalibi a Landan: Assalamu alaikum. Tun da na zo karatu Ingila nake jin maigidan da nake haya a wurinsa yana sauraren Radio 4 daga asuba har dare, kuma da wuya in ji waƙa. Shin wace irin tasha ce, kuma daga ina take samun kuɗin gudanarwa tunda ba ta tallace-tallace?

Malam Tsohon Ɗan Jarida: Wa alaikumus salam, ɗana. Tashar magana ce ta ƙasa baki ɗaya, wadda aka buɗe a 1967 a madadin tsohuwar tashar BBC mai suna Home Service, kuma kuɗinta na fitowa ne daga lasisin talabijin da gidaje ke biya duk shekara. Shirinta mafi tasiri shi ne Today, wanda ake yi da safe, inda ake titsiye ministoci da tambayoyi har sai sun ba da amsa. Ni a ganina, wannan shi ne amfanin rediyon jama'a.

Hajiya Mai Sauraro: Malam ya faɗi gaskiya, amma ba siyasa kaɗai take kawowa ba. Akwai The Archers, wasan kwaikwayo kan rayuwar manoma a wani ƙauye, wanda ake yi tun 1951. Abin da ya fi taɓa ni shi ne hasashen yanayin teku domin masunta da matuƙa jiragen ruwa, inda mai gabatarwa ke karanto sunayen yankunan teku ɗaya bayan ɗaya cikin natsuwa.

Ɗalibi a Landan: Na gode, Malam da Hajiya. Gobe da safe zan fara da Today, in sha Allahu.