An soke jirgin Hajiyarmu a Kano, wa zai biya mu?

Salamu alaikum 'yan uwa, daga Maraɗi nake. Na yankar wa Hajiyarmu tikitin jirgi mai araha daga Kano zuwa Legas, inda za ta hau wani zuwa Indiya ganin likita. Tikitin daban-daban ne. Muka yi sammako ta Ɗan Issa da Katsina, muka zauna a filin jirgin Malam Aminu Kano, ana ta ɗaga lokaci, tsohuwa na gyangyaɗi a kujera. Bayan isha'i aka ce an soke. Na Indiya ya tashi daga Legas ba ita.

Kamfani ya ce mu koma wurin ejan, shi kuwa sai hanya-hanya yake mana. Hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama a Najeriya na sauraron ƙarar ɗan Nijar? Kuɗin tikiti na biyu fa, sun tafi ke nan? Don Allah wanda ya san hanya ya taimaka.