Lissafina ya ƙi tsayawa, kuma kwamfuta biyu amsa biyu

Ɗalibin Fiziks: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na rubuta manhaja da Fortran, yaren rubuta manhajar kwamfuta, mai bin yadda zafi ke ratsa ƙarfe. A kowane taki ina ƙara 0.1 a kan lokaci, na ce ta tsaya idan ya kai daidai 1000. Na bar ta tun la'asar a babbar kwamfutar ɗakin gwaji, da safe na tarar tana ta gudu, lokacin kuma ya maƙale a 2097152. Sannan jimillar da laftof ɗina ke fitarwa ta saɓa da ta babbar kwamfutar tun daga lamba ta shida. Ranar Litinin malamina ke jiran sakamako. Kwamfutar ce ta lalace ko ni ne?

Malamin Lissafi: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, lafiyarta ƙalau. Da sifili da ɗaya take ƙirga, a wurinta 0.1 ba ta da ƙarshe, kamar ɗaya bisa uku (0.333…) a wurinmu, dole ta datse. Buga 0.1 + 0.2 a Python, za ta ba ka 0.30000000000000004. Tarawarka ta 10,000 ta sauka wajen 999.9, ta gaba ta tsallake 1000 da ɗan kaɗan, ba su taɓa yin kiciɓis ba. Ka ƙirga taki da cikakkiyar lamba n, lokaci ya zama n sau 0.1.

Injiniya: Ƙanena, 2097152 ɗin nan ta tona maka asiri, real kawai ka rubuta a matsayin nau'in lambar lokacin. Bit 32 ke nan, wato gurbi 32 na sifili ko ɗaya, lambobi bakwai kacal take riƙewa, kuma a wannan girman tazarar da ke tsakanin lamba da mai bi mata 0.25 ce, 0.1 ɗinka ɓacewa take. Koma real64 mai bit 64, ka samu lambobi goma sha biyar. Amma kula, ka rubuta 0.1d0, wato 0.1 mai bit 64, in ba haka ba tsohon kuskuren zai biyo ka sabon gida. Irin wannan datsewar 0.1 ce ta gurgunta na'urar Patriot mai kakkaɓo makamai masu linzami a Dahran ta ƙasar Saudiyya a 1991: bayan awa 100 agogonta ya kauce da daƙiƙa 0.34, ta kasa tare makamin da aka harbo, sojojin Amurka 28 suka mutu.

Hajiya Mai Kod: Ni saɓanin kwamfutocin zan taɓa. In kana amfani da OpenMP, mai raba aiki gida-gida a yi shi lokaci guda, kowace na'ura da yadda take jera tarawar, jeri ya sauya, wutsiyar amsa ta sauya. Cire -ffast-math, umarnin da ke fifita sauri a kan daidaito, in ka sa shi, ka gwada da zare ɗaya, wato ba tare da raba aikin ba. Tarawar Kahan, dabarar da ke mayar da ɗan abin da aka datse, ita ma tana taimakawa, sai dai -ffast-math na iya share ta.

Ɗalibin Fiziks: Allah ya saka da alheri, Hajiya, Malam, Yaya Injiniya. Na gyara, ta tsaya a taki na 10,000, saɓanin ya koma lamba ta goma sha huɗu. In bar shi haka?

Malamin Lissafi: Na'urar auna zafinku lamba nawa take bayarwa?

Ɗalibin Fiziks: Uku, Malam.

Malamin Lissafi: To kai wa malaminka aikinsa.