Injin yankan ciyawa mai sarrafa kansa: ya ci kuɗinsa kuwa?

Baban Amira:

Assalamu alaikum jama'a. Shawarar waɗanda suka san harkar nake nema. Gidan yana gefen Leeds ne a Ingila. Filin ciyawa na baya zai kai murabba'in mita 300, na gaba kuma ɗan ƙarami ne, bai fi 50 ba, tsakaninsu akwai lungu mai daɓe da ƙofar katako. Na bayan yana ɗan gangarawa zuwa shinge, akwai babbar bishiyar tuffa a tsakiya da lilon yara. Yanzu fam 25 ake biyan mai yanka duk mako biyu, daga Afrilu zuwa Oktoba. Shin in an sayi wannan injin da ke yawo shi kaɗai za a huta da gaske, ko sayen wahala ne? Kuma mai waya, wato wanda ake shimfiɗa wa waya a gefen fili ta nuna masa iyaka, ya fi, ko sababbin nan marasa waya?

Injiniya Ɗan Gusau:

Wa alaikumus salam, Malam. Fara da lissafi. Afrilu zuwa Oktoba mako 30 ne kusan, zuwa 15 ke nan, fam 375 a shekara. Injin mai waya da zai iya da filinka za ka same shi tsakanin fam 500 zuwa 900, gwargwadon kamfani. Ka ga shekara biyu zuwa uku ya mayar da kuɗinsa. Wuta ba abin damuwa ba ce, ƙananan nan ba su cika wuce yunit 5 zuwa 10 a wata ba ko da kullum suna aiki.

Amma ka san irin yankan da yake yi kafin ka saya, domin a nan mutane ke shan mamaki. Ba ya sarar doguwar ciyawa. Ƴan reza uku ne a jikin faifai a ƙarƙashinsa, faɗin yankan santimita 16 zuwa 24, kullum yana aske milimita kaɗan daga saman ciyawar, ɓurɓushin ya koma ƙasa ya zama taki. Babu buhu, babu kwasa. In ciyawar ta haura santimita 10, sai an fara bi da injin turawa tukuna. Don haka in akwai tsohon injin turawa a gareji kar a sayar.

Kar ka yarda da adadin da aka rubuta a kwali yadda yake. In an ce murabba'in mita 600, kamar Automower 305 na Husqvarna, ana nufin fili sarari kuma injin na aiki kusan wuni guda kullum. Kai da ke son yara su yi wasa da yamma, ka kuma kashe shi da dare, wanda aka rubuta wa 500 ko 600 shi ne daidai da 350 ɗinka.

Gangarar ka auna ta, kar ka ƙiyasta da ido. Sami katako mai tsawon mita ɗaya, ɗora bakinsa ɗaya a ƙasa ta sama, ɗaga ɗaya bakin har ya miƙe daidai, sai ka auna tazarar da ke ƙarƙashinsa. Santimita 20 na nufin kashi 20 cikin ɗari. Yawancin ƙanana suna hawa kashi 25 zuwa 40 a tsakiyar fili. Matsalar tana bakin iyaka: in gangarar ta wuce kashi 15 a daidai inda wayar take, da safe ciyawa na jiƙe, injin zai zo juyawa tayoyin su sulle, ya tsallake wayar ya maƙale a shinge. Maganinsa a ja wayar baya zuwa inda ƙasa ta fi kwanciya, ragowar a riƙa bi da hannu.

Shimfiɗa wayar shi ne aikin, wuni guda zai ci maka. Tashar cajin a sa ta a wuri shimfiɗaɗɗe mai inuwa, da sarari kamar mita 3 a gabanta, kusa da soket na waje. Wayar tana fita daga tashar ta zagaye filin ta dawo, ana danne ta da ƴan turakun roba duk santimita 75, a matso da su inda ƙasa ke da kwari don kar wayar ta yi sama reza ta kama. A littafin Husqvarna tazarar ita ce santimita 35 daga bango ko shinge, 30 daga bakin fulawa ko rami, 10 daga daɓen da ke daidai da ciyawa. Worx nasu 26 ne. Kowane kwali da ma'auninsa na kwali a ciki, da shi za ka yi aiki, ba da na maƙwabci ba. Makonnin farko a bar tsayin yanka a ƙololuwa, a riƙa saukewa mataki ɗaya duk mako, kafin nan ciyawa ta haɗiye wayar.

Bishiyar ba sai an kewaye ta ba in saiwoyinta ba su fito sama ba, zai buga ya juya. In sun fito, sai a yi mata tsibiri: wayar ta taso daga iyaka, ta zagaye bishiyar, ta koma ta hanyar da ta zo, layin zuwa da na dawowa a manne ƙarƙashin turke ɗaya. Mannewar ce ke sa siginar biyun su kashe juna injin ya taka ya wuce. Kar su gitta juna. In suka gitta, injin zai ɗauka yana wajen fili ne, ya tsaya cak yana ƙorafi.

Na gaban kuwa, tunda akwai ƙofa, ɗauka za ka riƙa yi ka kai shi. Kilo 7 zuwa 10 ne. Ni a ganina murabba'in mita 50 bai kai a ja masa waya ba, minti goma ne da injin turawa.

Maman Sadik:

Injiniya ya yi bayani, amma lissafin nasa ya rage abu biyu. Na farko, gefe. Wannan tazarar ta santimita 35 tana nufin za a bar zirin ciyawa kamar tafin hannu ko fiye a jikin shinge da bango wanda rezar ba ta kaiwa. Duk mako biyu sai an bi shi da injin datsa mai zare, minti 15 zuwa 20 a fili irin naka. Wanda ba ya son wannan sai ya jera bulo kwance a gefen, daidai da tsayin ƙasa, yadda taya ɗaya za ta hau. Kuɗi ne kuma.

Na biyu, kayan da ke ƙarewa. Rezar wata ɗaya zuwa biyu take yi. Alamar ta dakushe ita ce bakin ciyawar ya yi fari-fari ya tsattsage, maimakon ya yanku sumul, filin ya riƙa yin kamar an yayyafa masa toka. A canza duka ukun lokaci guda don kar faifan ya karkace ya riƙa girgiza, kuma a canza har da notin, domin shi ma yana cinyewa, in ya tsinke rezar ta tashi. A kashe injin, a sa safar hannu, a kifa shi a kan tsumma. Minti biyar. Batirin kuma shekara uku zuwa biyar, in ka ga yana komawa caji da wuri fiye da da, to ya fara gajiya.

Bishiyar tuffar nan ita za ta fi ba ka aiki, Baban Amira. Daga Agusta ƴaƴan za su fara zuba. Ƙananan zai sassare su rezar ta mutu da wuri, manyan kuma ya hau kansu cikinsa ya maƙale, tayoyi na juyawa a iska. Sai an tsince kowace safiya. Haka tiyon ruwa, takalmin yara, ƙwallon tanis, igiyar shanya da ta faɗi: duk abin da bai kai tsayin da zai buga ya ji ba, hawa zai yi.

Maganar yara ba wasa ba ce. Yana da na'urar da ke tsayar da reza in an ɗaga shi ko ya kife, amma ƙafar ɗan shekara biyu tana iya shiga ƙarƙashi ba tare da an ɗaga komai ba. A saita shi ya yi aiki lokacin da suke makaranta, ƙarfe 9 zuwa 2 misali. Da dare kuma a bar shi ya kwanta, duk da shirunsa na jan hankali (ƙararsa ba ta wuce ta hira ba). Dalili bushiya ce. Da dare take fita kiwo, kuma in ta ji haɗari ba ta gudu, dunƙulewa take yi, rezar ta same ta a haka. Har birnin Kolon na Jamus ya hana kunna su da dare tun 2024 saboda wannan.

Wanki da buroshi da jiƙaƙƙen tsumma, sau ɗaya a mako a kankare ciyawar da ta daskare a taya da ƙarƙashi. Ban da injin wanki mai feshi da ƙarfi, yana tura ruwa cikin allon lantarki. Ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba a cika masa caji, a kashe, a shigar da shi inda ƙanƙara ba ta kaiwa. A sa lambar sirri tun ranar farko.

Abu Fatima:

Ni ban ga dalilin da mutum zai durƙusa wuni guda yana kafa turaku a wannan zamanin ba. Navimow na Segway, Luba da Yuka na Mammotion, Goat na Ecovacs, duk babu waya. Da manhaja a wayar hannunka za ka tuƙa shi ya zagaye filin sau ɗaya, ya haddace iyakar. In ka matsar da lilo, a manhaja za ka gyara, ba tono. Kuma layi-layi yake yanka kamar filin ƙwallo, ba yawon kan mai uwa da wabi irin na masu waya ba, don haka yana gamawa da wuri.

Injiniya Ɗan Gusau:

Gaskiya ne, Abu Fatima, amma dubi filin da ake magana. Yawancinsu da tauraron ɗan'adam suke gane inda suke, tare da eriya da ake kafawa a gida tana gyara musu lissafi har kuskuren ya dawo santimita 2 zuwa 3. Sharaɗin shi ne eriyar da injin su ga sama fili, kuma taurarin da suke gani su zama ɗaya. Ƙarƙashin babbar bishiya mai ganye, ko jikin bangon bene, siginar na raunana ko ta bugi bango ta dawo, injin ya ɗauka yana nan alhali yana can. Sai ya tsaya jira, ko ya faɗa cikin fulawa. Abin takaicin, in ka gwada a Maris kafin ganye ya fito lafiya lau zai yi, sai Yuni matsalar ta bayyana, lokacin damar mayar da kaya ta wuce.

Bayan gida a Ingila, mai shinge ta ko'ina da bishiya a tsakiya, shi ne wurin da suka fi shan wuya. In dai marar waya ake so a irin wannan fili, a nemi wanda ke haɗawa da kyamara ko mai auna kewaye da hasken leza, shi bishiya da bango ma taimakonsa suke yi wajen gane wuri. Kyamara kuma tana son haske da gilashi mai tsabta. Kuɗinsu ya fi, kuma ba su daɗe a kasuwa ba. Husqvarna tun 1995 suke wannan sana'a, batir da taya da faifan injin da ya shekara goma ana samu. Wannan ma abin dubawa ne.

Baban Amira:

Allah ya saka da alheri. Na fahimci zancen. To in wayar ta tsinke fa, ya ake gano wurin? Sannan yayana na tambaya ko zai yi aiki a gidansa na Abuja.

Injiniya Ɗan Gusau:

Za ta tsinke kuwa, ko ba jima ko ba daɗe, galibi shebur ne ko cokalin haƙa na mai gyaran fulawa. A Husqvarna fitilar tashar za ta koma shuɗiya tana ƙiftawa. Kafin ka fara tono, duba bayan tashar ko kan wayar ne ya zare. In ba shi ba ne, yi amfani da wayar jagora, wato wadda ke ratsa tsakiyar fili tana nuna masa hanyar gida. Zare wayar iyaka ta hagu, sa ta jagora a gurbinta. In fitila ta koma kore, tsinkewar na ɓangaren hagu, tsakanin tashar da inda jagorar ta haɗu da iyaka. In ba ta koma ba, mayar, ka gwada dama. Ka rage rabi ke nan. Daga nan sai ka bi layin kana ɗan jan wayar da yatsa duk ƴan mitoci, inda ta taho sakwaf nan ne. Fara da inda aka yi haƙa kwanan nan.

Wajen haɗawa kar a murɗa a naɗe da salatif. Zai yi aiki wata biyu, damshi ya shiga, tagullar ta yi tsatsa, siginar ta riƙa zuwa tana ɗaukewa, wanda ya fi tsinkewar gaba ɗaya wuyar ganowa. Akwai ƴan maɗaurai masu man hana ruwa a ciki, ana zura bakin wayoyin biyu har ƙarshe ba tare da an fere su ba, a matse da filaya har murfin ya shige daidai. Sayi guda goma ka ajiye, da ragowar waya mita 10.

Na Abuja kuwa, a gaya wa Yaya ya dakata. Tashar ce ke tura sigina cikin wayar, da an ɗauke wuta injin zai tsaya inda yake, sai in gidan na kan sola ko inbata dare da rana. Taransifomar tasa ba ta son wutar da ke hawa da sauka. Ciyawar can irin su kirikiri ta fi ta Ingila tauri, da damina kuma tana tashi da sauri, rezar ba za ta yi wata guda ba, ga shi reza da batir duk sai an yi odarsu daga waje. In ya lissafa abin da yake biyan mai kula da fulawa a wata, wanda ke yanka, ya yi ban-ruwa, ya share, zai ga injin turawa mai fetur a hannun wannan mutumin ya fi masa.