Dashen haƙori ga dattijo mai ciwon sukari

Mai tambaya, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Mahaifina ya rasa turame biyu na ƙasa shekaru da dama, kuma haƙoran robar da aka yi masa suna motsi idan yana tauna, har ya gaji ya ajiye su a kofin ruwa, nama kuwa sai an daka masa kafin ya ci. An ba mu shawarar dashen haƙori, amma yana da ciwon sukari. Ina roƙon masu sani su yi mana bayani.

Ma'aikacin lafiyar haƙori, Samaru:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ƙara wa Baba lafiya. Dashe ba irin haƙorin Makka ba ne da ake lulluɓa wa haƙorin da yake nan. Ɗan ƙarfen titaniyam ne mai kamar ƙusa, wanda ake sanyawa cikin ƙashin muƙamuƙi bayan allurar kashe zafi, a bar shi wata 3 zuwa 6 har ƙashi ya kama shi sosai, sannan a ɗora sabon haƙori a kansa. Ba sabon abu ba ne, domin tun 1965 likita Branemark ya fara yi wa mutum a ƙasar Suwidin.

Ciwon sukari ba ya hana dashe, amma dole ne ya daidaita tukuna, saboda idan ya hau rauni ba ya saurin warkewa, dasashi yana iya kumbura, ƙashi kuma ya ƙi kama ƙarfen. Abin da ya fi damuna shi ne daɗewar giɓin, domin ƙashin da ya rasa haƙori yana zaizayewa a hankali, kuma idan hoto ya nuna ya yi siriri, sai an fara ƙara masa ƙashi, wanda zai ƙara lokaci da kuɗi. Ku kai shi sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a duba shi, ku riƙe sakamakon gwajin sukarinsa na baya-bayan nan.

Wata uwa, Sabon Gari:
An yi wa yayata, kuma yanzu tana cin gyaɗa da ƙilishi ba tare da fargaba ba. Sai dai gaskiya akwai tsada ƙwarai. Ta ƙi gada ne, wato haƙorin cike giɓi da ake maƙalawa a jikin na kusa da shi, saboda sai an fiƙe lafiyayyun haƙoran da ke gefe. Likita ya gargaɗe ta cewa ƙarfen ba ya ruɓewa, amma dasashi yana kamuwa da cuta idan an yi sakaci da wanke baki.

Mai tambaya:
Na gode, Allah Ya saka da alheri. Baba yana shan taba jefi-jefi, shin wannan ma matsala ce?

Ma'aikacin lafiyar haƙori:
Babbar matsala ce kuwa, domin taba tana rage jinin da ke zuwa dasashi. Ku lallashe shi ya daina kafin a fara aikin, kuma kada ku ɓoye wa likita.