Masaman: miyar Musulmi ce ko ta mutanen Tailan?

Kawun Yara: Salamu alaikum jama'a. Ni fa har yanzu ina kan bakana: miyar nan da nake ci a Bankok duk zuwana saro kaya, wadda suke kira masaman, ba tasu ba ce. Tamu ce ta Musulmi. Sunan ma daga "Musulman" ya fito, yadda Farisawa ke kiran Musulmi.

Maman Hanifa: Wa alaikumus salam, Kawu. Batun suna kam ba gardama, haka masana da yawa suka ce. Amma "ba tasu ba ce" ɗin nan ta yi nauyi.

Kawun Yara: To ki duba cikin kwanon mana. Kirfa, kanumfari, gyaɗar ƙamshi, ga gyaɗa da albasa da dankalin turawa, ga naman sa ya dahu har yana rabuwa da cokali. Sauran miyoyinsu da ɗanyun ganyaye ake haɗa su, wannan kuwa busassun kayan ƙamshi ne irin na fatake. Kuma da wuya ki ga an yi ta da naman alade.

Malam Ƙarami: Tarihi na bayan Kawu a nan. A farkon shekarun 1600 wani ɗan kasuwa, Shehu Ahmad daga birnin Kum na Farisa, ya zauna a Ayutaya, babban birnin Tailan na lokacin, har ya samu sarauta a fada. Zuriyar Bunnag, fitaccen gidan manyan fadawan Tailan, daga gare shi ta fito. Wasu kuma sun ce ta kudu miyar ta shigo, wajen Musulmin Malay. Ko ta ina, hannun Musulmi na ciki.

Maman Hanifa: Hannu na ciki daban, mallaka daban, Malam. Na tsaya na ga ana haɗa ta. Matar ta zauna da turmin dutse tsakanin ƙafafunta, ta daka busasshen barkono da tafarnuwa da ciyawar lemon nan da muke sa wa a shayi, da wata saiwa 'yar uwar citta, galangal, sannan ta zuba kapi, daddawarsu ta jatan lande. Ta tafasa madarar kwakwa har mai ya taso sama, a cikinsa ta soya dakan, ta kawo tsamiya da sukarin giginya irin nasu. Don Allah a wace tukunyar Farisa ake wannan?

Auta: Anti ta faɗi abin da ke raina. Idan duk abin da ya zo daga waje ba nasu ba ne, to ja da koriyar miyarsu ma sun tafi, don barkono daga nahiyar Amurka yake. Mutanen Fotugal sun iso Ayutaya a 1511, ta hannunsu ya bazu. Kafin nan da masoro suke yaji, shi ya sa har yau sunan masoro a bakinsu "barkonon Tai".

Kawun Yara: Auta, barkono kayan haɗi ne guda ɗaya. Ni maganar miya sukutum nake.

Auta: To Kawu, akwai miyar hang le ta arewacin Tailan, wajen Ciyang Mai, daga Bama ta zo, ba a ma sa mata kwakwa. Ita kam da alade aka fi yi, a kiyaye. Ba wanda ya cire ta daga jerin gaeng, sunan da suke kiran miyoyin nan da shi.

Malam Ƙarami: Kuma Sarki Rama na Biyu, wanda ya hau mulki a 1809, ya yabi masaman a waƙarsa ta abinci. Ta fi shekara 200 a fadarsu ke nan.

Maman Hanifa: Sannan Musulmin Tailan ɗin ai 'yan ƙasa ne, Kawu. In ka ce tasu ce, ka ce ta Tailan ce.

Kawun Yara: Wannan kam ta shige ni, Hajiya. Amma sunan dai ba zan sake shi ba. In na koma bayan Sallah zan tambayi dattijuwar da nake ci a wajenta, kusa da masallaci, daga ina kakarta ta koya.

Maman Hanifa: Ka taho min da dakan ma, gwangwani biyu, mai tambarin halal.