Na yi rajista da CAC, amma wani yana sayar da yaji da suna irin nawa

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum. Shekara huɗu ke nan ina daka yaji a Kano, ina zubawa a robobi masu ɗauke da suna da zanen da na zaɓa, kuma na yi wa sana'ar rajista da hukumar CAC. A watan jiya wata mai saye ta kawo mini roba daga kasuwa, sunan kusan irin nawa, launin takardar ma ɗaya, amma gishiri ya yi wa yajin yawa, har ta zaci ni ce na rage inganci. Shin takardar CAC ba ta isa ta hana wannan ba?

Lauyan Zariya:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Mutane da dama suna haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba. CAC tana yi wa sunan kamfani ko sana'a rajista ne, amma sunan da ke jikin kaya, wato tambarin kasuwanci, ofishinsa daban ne, yana Abuja ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari, kuma yana aiki da dokar 1965. Ana fara bincika ko wani ya riga ki, sannan a shigar da buƙata, idan an karɓa a buga a mujallar ofishin, a jira wata biyu ko akwai mai ƙorafi, kafin a ba ki shaida. Rajistar farko shekara 7 ce, daga nan a riƙa sabuntawa duk bayan shekara 14.

Amfanin shaidar yana fitowa ne a gaban alƙali. Mai ita zai tafi Babbar Kotun Tarayya ya nuna takardarsa ya nemi a dakatar da mai kwaikwayo. Wanda ba shi da ita kuwa sai ya tabbatar da cewa jama'a sun san kayansa da wannan suna, an ruɗe su, kuma ya yi asara, wanda aiki ne mai cin kuɗi da lokaci. Don haka ki adana rasiɗai da tsofaffin takardun roba, kuma ki hanzarta, domin abin da na fi ji miki tsoro shi ne mai kwaikwayon ya riga ki zuwa ofishin.

Baban Sadik:
Ƙari a kan bayanin Barista, an kasa kayayyaki da ayyuka rukuni 45, yaji yana rukuni na 30, kilishi kuma na 29, saboda haka idan kina da niyyar faɗaɗa sana'a, kowane rukuni da rajistarsa. Suna irin "Yaji Mai Daɗi" da wuya ya wuce, tun da siffanta kaya kawai yake yi. Hukumar NAFDAC ma tana neman shaidar tambari idan za ta ba da lamba.

Alhajin Maraɗi:
Hajiya, idan yajinki yana tsallaka Jibiya zuwa wajenmu, ki sani takardar Abuja ba ta aiki a Nijar. Mu muna ƙarƙashin ƙungiyar OAPI, wadda ke yi wa tambari rajista a wasu ƙasashen Afirka, mai hedikwata a Yawunde, inda rajista ɗaya ta shekara 10 take kare tambari a ƙasashe 17, har da Chadi da Kamaru.

Maman Hanifa:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Rasiɗan suna nan tun na farko, gobe zan nemi lauya a fara binciken sunan.